Sharhi kan na'urar Whoop: a fita atisaye ko a huta idan makin murmurewa ya yi ja?

Whoop wata 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa a wuyan hannu, ba ta da allo, ba ta nuna lokaci, ba ta kuma sanar da mai ita cewa ana kiransa a waya. Aikinta shi ne auna bugun zuciya dare da rana, sannan kowace safiya ta aika da sakamako zuwa manhajar da ke cikin waya, wato wani maki daga 0 zuwa 100 da ke nuna yadda jiki ya murmure daga gajiyar jiya. Maki 67 zuwa sama kore ne, 34 zuwa 66 rawaya ne, 33 zuwa ƙasa kuwa ja ne. Wannan maki shi ne ainihin hajar da kamfanin yake sayarwa, saboda haka a kansa wannan sharhi zai tsaya, musamman a kan tambayar da ke damun duk mai sanye da na'urar: idan an wayi gari da ja, a ɗaura takalmi a fita ne, ko a haƙura a zauna gida?

Will Ahmed ne ya kafa kamfanin tare da abokansa biyu a shekarar 2012, lokacin da yake kammala karatu a Jami'ar Harvard, kuma hedikwatarsa tana birnin Boston na Amurka. Samfurin 4.0, wanda na fi daɗewa ina amfani da shi, ya fito a 2021, sai 5.0 ya biyo baya a watan Mayun 2025. Da yawa daga cikin matasanmu sun fara jin sunan ne bayan Cristiano Ronaldo ya zuba jari a kamfanin a 2024. Launukan nan uku da ma'anarsu iri ɗaya ne a samfuran biyu, don haka abin da zan faɗa ya shafe su duka.

Kafin a yanke hukunci a kan ja, ya kamata a san daga ina take fitowa. Na'urar tana haska fata da ƙananan fitilu, tana lura da yadda jini ke kaiwa da komowa a ƙarƙashinta, kuma daga nan take ciro alƙaluman da take haɗawa ta fitar da maki. Akwai yawan bugun zuciya a lokacin hutu, da yawan numfashi a minti ɗaya yayin barci, da adadin barcin da aka samu idan aka gwada shi da wanda manhajar ta ƙiyasta jiki na buƙata. Amma wanda ya fi nauyi a lissafin shi ne abin da ake kira HRV, wato bambancin tazara tsakanin bugu da bugu. Zuciyar da ke bugawa sau 60 a minti ba ta barin sakan ɗaya cif-cif tsakanin kowane bugu biyu. Wata tazarar takan ɗan yi tsawo, wata ta ɗan gajarta, kuma ana auna wannan bambanci da kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Jijiyoyin da ke sarrafa zuciya ba tare da saninmu ba sassa biyu ne, ɗaya yana zaburar da jiki idan akwai aiki ko fargaba, ɗayan yana kwantar da shi. Idan mai kwantarwar ne ke da rinjaye sai bambancin ya ƙaru, idan kuma jiki yana fama da wani abu sai bugun ya zama kusan bai-ɗaya, HRV ta sauka. Na'urar tana ɗaukar wannan awo cikin dare, tana ba lokacin barci mai nauyi muhimmanci, sannan ta gwada shi da abin da jikin mutum ya saba nunawa a makonnin baya.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci, domin na sha ganin abokan atisaye suna haɗa kai a kan waya suna gwada HRV ɗinsu kamar masu gwada sakamakon jarrabawa. Babu amfani a ciki. Wani yana da lafiya garau a kan 40, wani kuma 90 ce al'adarsa, kuma adadin yakan ragu da shekaru. Abin da ake dubawa shi ne mutum da kansa, yau da makon jiya. Saboda haka ne ma makin makonnin farko bai cancanci a dogara da shi ba, sai na'urar ta yi kusan wata guda tana sanin jikin mai ita.

Daga wannan bayani za a gane iyakar makin. Yana ba da labarin zuciya da jijiyoyin da ke sarrafa ta, amma bai san komai game da tsokar cinya, ko gwiwa, ko agara ba. Wanda ya ɗaga ƙarfe mai nauyi jiya yana iya tashi da kore shar alhali hawa matakala ma yana yi masa wuya, kuma wanda ƙafafunsa suka huta sarai yana iya tashi da ja saboda abin da ya ci da daddare. Na'urar tana cewa jiki yana ɗauke da wani nauyi, amma ba ta san ko wane nauyi ba ne. Ja a nan kamar fitilar gargaɗi ce a gaban direba, wadda takan kama saboda wata waya ta saki, takan kuma kama saboda baƙin mai ya ƙare, kuma sai an buɗe bonet ake sanin wanne ne.

Abubuwan da ke jawo ja suna da yawa, kuma a ƙasarmu mafi yawansu ba su da alaƙa da atisaye ko kaɗan. Cin abinci mai nauyi dab da kwanciya yana ɗaga bugun zuciya na sa'o'i, domin ciki yana aiki yayin da ake son jiki ya kwanta. Wanda ya cika ciki da tuwo ko tsire ƙarfe goma sha ɗaya na dare zai ga shaidar hakan da safe. Shayi mai kauri ko kofi bayan Magariba yana yin irin wannan, haka ma damuwa, da tafiyar dare, da ƙarancin ruwa a jiki. Mata kuwa sukan ga HRV ta sauka, bugun hutu ya ɗan hau, a kwanakin da ke gaban zuwan al'ada, kuma wannan tsarin jiki ne, ba alamar gajiya ba. Sai kuma zafi, wanda a ganina shi ne babban mai laifi a wurinmu. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke kaiwa digiri 40 a Kano, ya ma wuce haka a Sakkwato da Maiduguri, daren da aka ɗauke wuta aka kwana ana juyi cikin gumi yakan haifar da rawaya mai rauni ko ja, ko da mutum ya yi kwana biyu bai motsa jiki ba.

Ga yadda irin wannan safiya take a aikace. Bayan wani dare na bazara da fanka ta tsaya tun wajen tsakar dare, manhajar ta nuna mini maki 28, ja. Na leƙa alƙaluman da ke ƙarƙashin makin, domin a can amsar take. HRV ta sauka sosai, barci bai kai awa biyar ba, bugun hutu ya hau da uku kawai a kan wanda na saba, numfashi kuwa yana nan daidai inda yake kullum. Babu ciwon kai, babu ɗacin baki, babu sanyi-sanyi. A jadawalina ranar ta gudu mai tsanani ce, wanda ake maimaita zagaye da sauri ana hutawa kaɗan a tsakani. Na sha ruwa, na fita bayan sallar Asuba tun kafin rana ta ɗaga, na fara da tafiya, sannan sassarfa a hankali ta minti goma sha biyar ina lura da numfashina. Jiki ya sake, amma nauyin ido bai tafi ba, don haka na ajiye batun gudu mai tsanani, na ci gaba da sassarfa a saurin da mutum zai iya yin hira ba tare da haki ba, na koma gida bayan rabin awa. Gudun mai tsanani ya koma jibi.

Wannan ita ce hanyar da nake ganin ta fi dacewa da yawancin ranakun ja, kuma ita ce dalilin da ya sa nake ganin tambayar "a yi ko kada a yi" an gina ta bisa kuskure. Tsakanin kwanciya a gado da atisaye mai tsanani akwai fili mai faɗi: tafiya da sauri, tuƙa keke a hankali, miƙe gaɓoɓi, ɗaga rabin nauyin da aka saba, ko rage tsawon lokaci. Minti goma zuwa goma sha biyar na ɗumama jiki sun fi makin safiya faɗin gaskiya game da abin da za a iya yi a yau, domin jiki magayi ne, kuma a lokacin ne yake magana. Idan bugun zuciya ya haura sama da yadda aka saba a sauri ɗaya, ko ƙafa ta ƙi sakewa, to sai a rage ko a juya. Idan kuma komai ya daidaita, babu dalilin da zai sa ja ta dare ɗaya, wadda aka san sanadinta, ta hana mutum aikinsa. 'Yan wasan da ke shiga gasa sun san wannan sarai, domin fargabar daren gasa takan hana barci ta kuma saukar da HRV, amma ba a taɓa fasa wasa saboda haka.

Akwai ja da ba a jayayya da ita, kuma a nan ne na'urar ta fi burge ni. Yawan numfashi a cikin barci adadi ne da ba ya cika sauyawa daga dare zuwa dare, saboda haka idan ya yi tsalle, ya zo tare da hauhawar bugun hutu da ɗumin fata, to sau da yawa wata cuta ce ke tafe. Sanannen misali shi ne na Nick Watney, ɗan wasan golf na Amurka, wanda a watan Yunin 2020 ya lura numfashinsa ya haura a manhajar Whoop, ya nemi a gwada shi, aka same shi da cutar korona, ya zama ɗan wasa na farko a gasar PGA, wato babbar gasar ƙwararrun 'yan golf ta Amurka, da aka tabbatar ya kamu. A wurinmu abin da ya fi kusa shi ne zazzaɓin cizon sauro a lokacin damina. Zazzaɓi yana ƙara bugun zuciya da kimanin goma a minti a kan kowane digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru, don haka da wuya ya ɓuya wa na'urar da ke manne da fata duk dare. Idan ja ta zo da wannan siffa, ko da kasala da ciwon gaɓoɓi, to ranar ba ta atisaye ba ce ko mai sauƙi. Ranar gwajin jini ce. Likitoci suna hana motsa jiki da zazzaɓi, musamman saboda wasu ƙwayoyin cuta suna iya kumbura tsokar zuciya, kuma wahalar da ita a wannan hali haɗari ne na gaske. Ciwon ƙirji, jiri, ko bugun da ke tsalle-tsalle kuwa maganar asibiti ce, ko da makin kore ne.

Ja ta biyu da nake girmamawa ita ce mai naci. Idan ta yi kwana uku ko huɗu a jere, bugun hutu yana hawa a hankali, barci ya lalace, sha'awar atisaye ta mutu, kuma an san an ƙara nauyin horo a makonnin baya, to jiki ne yake neman a sassauta masa. A nan jadawalin mako da na wata da manhajar ke zanawa ya fi makin rana ɗaya daraja nesa ba kusa ba. Masu bincike a wannan fanni ma sun fi amincewa da matsakaicin HRV na kwana bakwai a kan awon safiya guda, domin awon rana ɗaya yana hawa da sauka ko da babu wani dalili na azo-a-gani.

Batun bincike yana buƙatar a yi masa adalci ta ɓangarori biyu. Tunanin tsara horo bisa HRV ba ƙirƙirar 'yan kasuwa ba ne. Wani nazari da Antti Kiviniemi da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Finland, aka wallafa a 2007, ya nuna cewa masu gudu da suka riƙa sauya nauyin horonsu bisa awon kowace safiya sun sami ci gaba fiye da waɗanda suka bi tsayayyen jadawali. Sai dai a lura cewa a wannan tsari saukar HRV tana nufin a koma horo mai sauƙi ko a huta, gwargwadon hali, ba wai a daina motsi duk lokacin da adadi ya faɗi ba. A ɗaya ɓangaren kuma, ainihin lissafin da Whoop ke amfani da shi wajen mayar da waɗannan alƙaluma zuwa maki ɗaya sirrin kamfani ne, kamar yadda yake a sauran kamfanoni, saboda haka bambanci tsakanin 33 da 35, wanda ke sauya launi daga ja zuwa rawaya, iyaka ce da mutane suka shata, ba jiki ba.

Launin da kansa yana da tasiri a zuciyar mai kallo, kuma wannan ne babban abin da nake kuka da shi a tsarin irin waɗannan na'urori baki ɗaya. A wani gwaji da aka yi a Kwalejin Colorado, aka wallafa a 2014, an gaya wa wasu ɗalibai cewa awo ya nuna barcinsu bai yi kyau ba, wasu kuma aka ce nasu ya yi kyau, alhali duk ƙirƙira ce; waɗanda aka gaya wa mummunan labari sun fi yin rauni a gwajin ƙwaƙwalwa da ya biyo baya. Mutumin da ya buɗe ido da ja yana iya fara jin gajiyar da ba ya ji kafin ya taɓa waya. Maganin da na samo mai sauƙi ne: kafin buɗe manhajar, sai na tambayi kaina yadda nake ji, na yanke hukunci na farko, sannan na duba. Idan biyun suka dace shi ke nan, idan suka saɓa sai na nemi dalili.

A yaba wa manhajar inda ta cancanta. Ba ta cewa kada a motsa a ranar ja. Tana da wani ma'auni na biyu daga 0 zuwa 21 da ke auna nauyin da aka ɗora wa zuciya a yini, kuma abin da take yi shi ne rage adadin da take ba da shawarar a kai. Tana kuma da wurin da ake amsa 'yan tambayoyi kowace safiya, kamar ko an ci abinci a makare, ko an sha kofi, ko an yi tafiya, sannan bayan wani lokaci ta nuna yadda kowace ɗabi'a ke shafar makin. Wannan sashe shi ne ya fi koya mini wani abu, domin shi ne ya fito da tasirin cin dare ƙarara, har na matso da lokacin abincina gaba.

Watan azumi yana buƙatar karatu na daban. Tsakanin buɗa-baki mai nauyi, da tarawihi, da tahajjud a goman ƙarshe, da tashin sahur, barcin dare yana rabuwa gida biyu ko uku, kuma makin yakan sauka har jiki ya saba. Wanda zai bi launi kawai zai iya share watan bai motsa ba. Manhajar tana ƙirga barcin rana, tana kuma ba da damar gyara lokacin kwanciya da na tashi da hannu, kuma yana da kyau mai komawa barci bayan Asuba ya riƙa dubawa ko an lissafa masa wannan kashi. Game da atisayen kansa kuwa, sauƙaƙa shi da mayar da shi dab da shan ruwa ko bayansa ya fi muhimmanci a kan duk abin da makin ya nuna.

Ta fuskar ingancin awo, fitilar wuyan hannu ta fi yin daidai lokacin da mutum yake kwance shiru, wanda kuma shi ne lokacin da ake ɗaukar alƙaluman murmurewa. Yayin ɗaga ƙarfe ko motsi mai fizga hannu, duk na'urorin wannan nau'i sukan yi kuskure, kuma ɗaura ta a damtse yana rage matsalar. Ya kamata maɗaurin ya kama fata sosai, sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu, musamman ga masu baƙar fata, tunda baƙar fata ta fi shanye koren haske. Batirin 4.0 yana yin kwana huɗu zuwa biyar, na 5.0 kuma kusan mako biyu, kuma ana iya yin caji ta hanyar zura wani ƙaramin batir a kanta tana hannu, abin da ke da amfani ƙwarai a inda wuta ba ta da tabbas, domin ba a rasa awon dare saboda caji.

Kuɗi shi ne inda mutane da yawa za su ja baya. Ba sayen na'urar ake yi sau ɗaya a huta ba, rajista ake biya duk shekara, kuma a lokacin fitowar 5.0 farashin a Amurka ya kama daga dala 199 zuwa 239 zuwa 359, gwargwadon matakin da aka zaɓa. Ranar da aka daina biya, na'urar ta daina amfani. Ga mai samun kuɗinsa da naira ko sefa, wannan nauyi ne da ke ƙaruwa duk lokacin da dala ta tashi. Agogunan Garmin irin su Forerunner 265 suna ba da makamancin wannan maki na shirin horo ba tare da kuɗin shekara ba, ga kuma allo da taswirar hanyar da aka bi, sai dai kuɗin sayensu na farko yana da yawa. Zoben Oura, ƙirar Finland, ya fi karkata ga barci fiye da atisaye, kuma shi ma yana da kuɗin wata.

Wanda nake ganin Whoop za ta amfana shi ne mai horo mai nauyi kwana biyar ko shida a mako, kamar ɗan ƙwallo, ko mai shirin gudun yada-ƙanin-wani, ko mai tuƙa keke na dogon zango, wato wanda matsalarsa ita ce wuce gona da iri, kuma yake da haƙurin duba alƙaluman da ke ƙarƙashin launin. Wanda kuwa har yanzu yake ƙoƙarin cika minti 150 na motsa jiki a mako, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara, ba na ba shi shawarar sayenta, domin da wuya tafiyar rabin awa ta fi ƙarfin jikin mai lafiya, kuma ja za ta zame masa uzuri ne kawai. Irin wannan mutum ya isa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa da zarar ya farka, ya ƙirga bugun minti ɗaya, ya rubuta a takarda. Idan wata safiya adadin ya haura wanda ya saba da bakwai zuwa goma kuma jikinsa ba daɗi, sai ya sassauta a ranar, ya kuma auna zafin jikinsa.